Agogon Ingold da Motar Gwaram

Ɗaliban kimiyya da ke dawowa hutu Birnin Kudu daga Jami'ar Tarayya ta Dutse sukan zo mini da jadawalin SN1 da SN2 a haddace, amma da wuya ka samu wanda ya san yadda aka gano su. Ni kuwa a ganina tarihin ya fi jadawalin sauƙin riƙewa.

A 1896, a birnin Riga, Paul Walden ya lura cewa idan aka musanya wani rukuni da ke jikin kabon da wani, ƙwayar sinadarin kan juye, ta dama ta koma ta hagu. Kusan shekara 40 aka yi ana kallon abin a matsayin almara.

Christopher Ingold da Edward Hughes ne suka warware shi a Kwalejin Jami'a ta Landan, cikin shekarun 1930. Makaminsu agogo ne: auna saurin haɗuwar sinadarai. A methyl bromide, ka ninka shi ko ka ninka maharin, wato sinadarin da ke zuwa ya maye gurbin bromin, sauri ya ninku, wato biyu ne ke cikin aikin, SN2 ke nan. A tert-butyl bromide kuwa, ƙara mahari ba ya ƙara komai, domin sai bromin ya fita don kansa tukuna. Wannan shi ne SN1.

Nakan ce musu su tuna motar Gwaram a tasha. Wani fasinjan yakan danno ta wannan ƙofa, na zaune ya fice ta waccan a lokaci guda, SN2 ke nan. Wani kuma sai ya sauka, kujera ta zauna fayau, mai shiga ya shigo ta ko wane gefe, SN1 ke nan. Kabon da rukunoni uku suka yi wa cunkoso ba ya dannuwa ta baya, dole a jira shi.

Gwajin da ya fi burge ni na Hughes ne a 1935. Ya haɗa 2-iodooctane da ayodin mai fitar da tururin nukiliya, ya ga karkatar da hasken da sinadarin ke yi, alamar cewa na dama ne ko na hagu, tana ɓacewa da ninkin saurin musanyar. Lissafin ba ya fita sai idan kowace musanya juyewa ce.

Ingold ya rasu a 1970 bai samu kyautar Nobel ba, kuma har gobe ina ganin an yi masa ƙwange. Ilminsa dai ya iso mana da wuri: C. W. L. Bevan, wanda ya yi digirin digirgir a wannan kwaleji ta Landan, ya shugabanci sashen kimiyyar sinadarai a Ibadan daga 1953 zuwa 1966.