Strawbs: Daga kiɗan gargajiya zuwa kiɗan rok

Ƙungiyar makaɗa ta Strawbs ta samo asali ne a birnin London a shekarar 1964, inda Dave Cousins da Tony Hooper suka fara wasa a ƙananan gidajen kiɗan gargajiya da sunan Strawberry Hill Boys.

Kayan kiɗansu a wancan lokaci su ne jita marar lantarki da banjo.

Al'amura sun sauya a 1970, lokacin da matashin makaɗin fiyano Rick Wakeman ya shiga ƙungiyar.

A watan Yulin shekarar suka yi wasa a zauren Queen Elizabeth da ke London, aka kuma naɗi wasan a faifai. Dogon kiɗan da Wakeman ya yi shi kaɗai a dandalin ya ja hankalin jaridun waƙa na Birtaniya.

Daga nan ƙungiyar ta karkata ga salon rok mai dogayen waƙoƙi da sarƙaƙƙiyar tsari, wanda Turawa ke kira progressive rock.

Sai dai sauyin ya raba kawunan makaɗan. Wakeman ya koma ƙungiyar Yes a 1971, shi kuma Hooper ya fice a 1972 bayan faifan Grave New World, yayin da kayan lantarki ke ƙara rinjaye.

Duk da haka, a 1973 waƙarsu Part of the Union ta kai matsayi na biyu a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya.

Cousins, wanda ya jagoranci ƙungiyar tun kafuwarta, ya mutu a 2025.