Shekarar da Kogin Kwara Ya Tsaya a Yamai

Ɗan'uwa manomi, tambayi manya labarin 1985. A watan Yuni na shekarar nan, Kogin Kwara ya daina gudu a Yamai, har mutane suna ƙetare shi da ƙafa.

Abin ya daɗe yana tafe. Daga 1950 zuwa 1960 damana ta yi albarka. Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya. A 1973 fari ya kashe bisashe, rumbuna suka ƙare. A 1984 aka sake shan wuya.

Mene ne sanadi? Ruwan samanmu daga teku yake tasowa. Iskar damana ce take ɗauko laima daga Tekun Atlantika, kudu da mu. In tekun ya ɗumama wajen kudu fiye da arewa, iskar ba ta hawowa da ƙarfi, sai hadari ya zube kusa da gaɓa. Ɗumamar Tekun Pasifik, wadda ake kira El Nino, ita ma tana rage mana ruwa. Ta auku a 1972 da 1982.

A 1974 aka kafa cibiyar Agrhymet a Yamai. Gabanin kowace damana, masana suna auna zafin teku, su faɗi yadda suke zaton ruwa zai kasance.

Zamani yana juyawa: a 2020 kogin nan ya cika ya ci gidaje a Yamai. Saboda haka saurari rediyo kafin ka zaɓi iri. In ka sami shekarar albarka, kada ka sayar da hatsinka duka.