Dalilan da Ke Sa Gwamnati Mai Tangal-tangal Ta Kira Babban Zaɓe Kafin Cikar Wa'adi

Tsakure

A ƙasashen da ke bin tsarin firaminista, da wasu masu tsarin da ya haɗa shugaban ƙasa da firaminista, doka kan ba masu mulki damar rusa majalisa su kira zaɓe tun wa'adi bai cika ba. An saba ganin gwamnati mai farin jini tana amfani da wannan dama, amma sau da yawa wadda ke cikin matsi ita ma kan yi haka. Wannan maƙala ta nazarci misalai daga Birtaniya da Jamus da Faransa da Sifaniya da Girka da Japan da Jamhuriyar Nijar tsakanin 1974 da 2025. An gano dalilai guda huɗu: tsoron taɓarɓarewar al'amura, cijewar aiki a majalisa, bore a cikin jam'iyya, da neman shammatar 'yan adawa. An kuma gano cewa zaɓen wuri ya fi yin amfani idan matsalar gwamnati tana cikin majalisa, amma bai cika yin magani ba idan masu jefa ƙuri'a ne suka juya mata baya.

1.0 Gabatarwa

Wa'adin majalisa a tsarin firaminista iyaka ce ta ƙarshe da ba a ƙetarewa, amma ana iya tsayawa kafin a kai gare ta. A Birtaniya, dokar 1911 ta ƙayyade shekara biyar. A 2011 an kafa dokar da ta tsayar da ranar zaɓe, aka kuma soke ta a 2022, ikon neman rusa majalisa ya koma hannun firaminista. A Faransa, sashe na 12 na tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa ikon rusa majalisar dokoki, da sharaɗin ba zai sake ba sai bayan shekara guda da zaɓen da ya biyo baya. A Jamus hanyar ta fi ƙunci: bisa sashe na 68, sai shugaban gwamnati ya nemi ƙuri'ar amincewa ya rasa, sannan shugaban ƙasa ya iya rusa majalisa. Wannan ya bambanta da Nijeriya, inda tsarin mulkin 1999 ya yanke wa majalisar tarayya shekara huɗu, shugaban ƙasa kuma ba shi da ikon rusa ta kafin cikar wa'adin.

Tambayar da maƙalar ta sa gaba ita ce: me zai sa gwamnatin da ke da sauran watanni ko shekaru a kan mulki ta sarayar da su, alhali ta san jama'a ba su gamsu da ita ba?

2.0 Ra'ayoyin Masana

Masana kimiyyar siyasa sun daɗe suna kallon lokacin zaɓe a matsayin makami a hannun mai mulki. A 1995 Arthur Lupia da Kaare Strøm sun nuna cewa rushewar gwamnatin haɗaka da kiran zaɓe sakamakon ciniki ne tsakanin jam'iyyu, inda kowace ke auna abin da take da shi yanzu da abin da take tsammanin samu a akwatin zaɓe. Petra Schleiter da Margit Tavits, a bincikensu na 2016 kan ƙasashen Turai, sun gano cewa gwamnatocin da suka zaɓi lokacin da ya dace da su kan samu ƙarin ƙuri'u.

Alastair Smith, a littafinsa na 2004 kan lokacin zaɓe, ya kawo hujjar da ta fi dacewa da gwamnati mai rauni. A ganinsa, masu mulki sun fi talakawa sanin abin da ke tafe game da tattalin arziki da ayyukan gwamnati. Idan suka yi gaggawar kiran zaɓe, masu jefa ƙuri'a kan fahimci cewa akwai wata matsala da ake son a riga ta, sai su rage goyon baya. A kan wannan ra'i aka ɗora nazarin.

3.0 Hanyar Bincike

An bi hanyar kwatanta misalai. An zaɓi zaɓukan da aka kira kafin wa'adi a lokacin da gwamnati ke fama da ɗaya daga cikin matsaloli uku: rashin rinjaye a majalisa, rikicin cikin gida, ko faɗuwar farin jini. A kowane misali an duba halin da ake ciki kafin sanarwa, da hujjar da shugaba ya bayar, da sakamakon zaɓen.

4.0 Dalilan Kiran Zaɓen Wuri

4.1 Tsoron Taɓarɓarewar Al'amura

Gwamnatin da ta hango cewa gobe za ta fi yau muni kan gwammace ta fuskanci jama'a yanzu. Rishi Sunak ya sanar da zaɓe ranar 22 ga Mayu 2024, ranar da alƙaluma suka nuna hauhawar farashi a Birtaniya ta sauko zuwa kashi 2.3 cikin 100. Yana da damar jira har Janairun 2025, kuma jam'iyyarsa ta Conservative tana can baya a ƙuri'un jin ra'ayi. Masu sharhi da dama sun fassara matakin da cewa bai ga wani labari mai daɗi da zai fi wannan a watannin da suka rage ba. A zaɓen 4 ga Yuli jam'iyyar ta tsira da kujeru 121 kacal cikin 650.

Abin da ke ƙarfafa irin wannan lissafi shi ne darasin James Callaghan na Birtaniya. A Satumban 1978 an zaci zai kira zaɓe, sai ya fasa. Yajin aiki ya game ƙasar a hunturun da ya biyo baya, ranar 28 ga Maris 1979 gwamnatinsa ta faɗi a ƙuri'ar yankan ƙauna da 311 da 310, Margaret Thatcher kuma ta lashe zaɓen Mayu. Ke nan jira ma yana da nasa haɗari.

Gerhard Schröder ya yi irin wannan lissafi a Jamus. Ranar 22 ga Mayu 2005 jam'iyyarsa ta SPD ta sha kaye a jihar North Rhine-Westphalia, wadda ta daɗe tana riƙe da ita, bayan gyare-gyaren dokokin ƙwadago da suka fusata magoya bayanta. Ya nemi ƙuri'ar amincewa ranar 1 ga Yuli da nufin ya rasa ta, ya kuma rasa. A zaɓen Satumba SPD ta samu kashi 34.2, ɓangaren Angela Merkel ya samu kashi 35.2. Schröder ya rasa kujerarsa, amma jam'iyyarsa ta ci gaba da zama cikin gwamnatin haɗaka. Wannan ya nuna cewa wani lokaci manufar ita ce rage girman asara.

4.2 Cijewar Aiki a Majalisa

Gwamnatin da ba ta iya zartar da doka tana kan mulki ne da suna kawai. A Birtaniya, Harold Wilson ya kafa gwamnati maras rinjaye a Maris 1974, ya koma ga masu zaɓe a Oktoba, ya samu rinjaye na kujeru 3. Boris Johnson ya rasa rinjayensa a Satumban 2019 lokacin dambarwar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, ya kuma kori 'yan majalisa 21 daga sahun jam'iyyarsa. Ya gina yaƙin neman zaɓensa a kan batu ɗaya, wato kammala ficewar, ya kuma samu kujeru 365 ranar 12 ga Disamba.

Sai dai wannan hanya ba kullum take kaiwa ga mafita ba, kamar yadda tarihin Jamhuriyar Nijar ya tabbatar. A Satumban 1994 Mahamadou Issoufou ya ajiye muƙamin firaminista, jam'iyyarsa ta PNDS ta fice daga ƙawancen da ya kawo Shugaba Mahamane Ousmane kan mulki. Da ya rasa rinjaye, Ousmane ya rusa majalisa a Oktoba. A zaɓen Janairun 1995 'yan adawa suka yi rinjaye, dole ya naɗa Hama Amadou na MNSD firaminista. Zaman doya da manja tsakanin shugabannin biyu ya gurgunta gwamnati, har Ibrahim Baré Maïnassara ya yi juyin mulki ranar 27 ga Janairu 1996. Haka nan Olaf Scholz na Jamus, wanda ƙawancensa ya watse a Nuwamban 2024, ya ga jam'iyyarsa ta zo ta uku a zaɓen 23 ga Fabrairu 2025.

4.3 Bore a Cikin Jam'iyya

Zaɓe yana tilasta wa 'yan jam'iyya su haɗa kai, yana kuma ba shugaba damar tankaɗe 'yan tawaye a wajen rabon takara. A Agustan 2005 majalisar dattawan Japan ta yi watsi da ƙudurin Junichiro Koizumi na sayar da hukumar gidan waya, da taimakon wasu 'yan jam'iyyarsa ta LDP. Nan take ya rusa majalisar wakilai, ya hana waɗanda suka bijire masa tikitin jam'iyya, ya tsayar da wasu 'yan takara a mazaɓunsu. LDP ta lashe kujeru 296 cikin 480, ƙudurin kuma ya zama doka.

A Girka, Alexis Tsipras ya amince da sharuɗɗan bashin ceto na uku a 2015 bayan ya hau mulki da alƙawarin ƙin tsuke bakin aljihu. Wani ɓangare na jam'iyyarsa ta Syriza ya yi masa bore. Ya yi murabus ranar 20 ga Agusta, aka yi zaɓe ranar 20 ga Satumba, tun kafin raɗaɗin sababbin matakan ya kai ga jama'a sosai. Ya samu kujeru 145 cikin 300, waɗanda suka ɓalle kuwa sun kasa kai kashi 3 da ake buƙata domin shiga majalisa.

4.4 Shammatar 'Yan Adawa

Raunin gwamnati ba ya nufin ƙarfin abokan hamayyarta. A 2017 farin jinin Shinzo Abe na Japan ya ragu saboda zarge-zargen fifita makusanta, jam'iyyarsa ta LDP kuma ta sha mummunan kaye a zaɓen majalisar Tokyo a Yuli. Ya rusa majalisa a ƙarshen Satumba, lokacin da babbar jam'iyyar adawa ke cikin ruɗani. Jam'iyyar adawar ta dare kafin ranar zaɓe, LDP ta samu kujeru 284 cikin 465.

Pedro Sánchez na Sifaniya ya kira zaɓe ranar 29 ga Mayu 2023, kwana ɗaya bayan jam'iyyarsa ta PSOE ta yi asara a zaɓukan yankuna da ƙananan hukumomi. Matakin ya toshe ƙofar ce-ce-ku-ce a cikin jam'iyya, ya kuma sa aka yi yaƙin neman zaɓe daidai lokacin da jam'iyyar adawa ta PP ke ƙulla yarjejeniya da Vox mai tsattsauran ra'ayi a yankuna. PP ta zo ta ɗaya da kujeru 137, PSOE ta samu 121, amma PP da Vox ba su kai 176 da ake buƙata ba. A Nuwamba majalisa ta sake zaɓen Sánchez da ƙuri'u 179.

Emmanuel Macron na Faransa ya gwada irin wannan dabara ranar 9 ga Yuni 2024, bayan jam'iyyar Marine Le Pen ta yi nasara a zaɓen majalisar Turai. Jam'iyyun hagu, waɗanda ake ganin kansu a rabe yake, sun haɗe cikin 'yan kwanaki. Ɓangaren Macron ya rasa kujeru da yawa, babu wanda ya samu rinjaye, gwamnatin Michel Barnier da aka kafa daga baya kuma ta faɗi a Disamba.

5.0 Tattaunawa

Abubuwa biyu suka fito daga misalan. Na farko, inda matsalar take shi ne ke da tasiri mafi girma. Koizumi da Tsipras da Johnson sun yi rikici ne da 'yan majalisa, suna kuma da batu ɗaya bayyananne da za su kai gaban jama'a. Sunak da Schröder da Scholz da Macron kuwa jama'a ne suka gaji da su, kuma matso da ranar zaɓe bai sauya wannan ba. Misalin Nijar ya ƙara wani sharaɗi: idan jam'iyyun da suka hana gwamnati rinjaye sun shiga zaɓe a haɗe, akwatin zaɓe zai maimaita lissafin majalisa ne kawai.

Na biyu, wanda ya kira zaɓe ba shi ne ke yanke abin da za a yi zaɓen a kansa ba. Edward Heath na Birtaniya ya kira zaɓen Fabrairun 1974 a tsakiyar rikici da masu haƙar kwal, lokacin da aka taƙaita wutar masana'antu zuwa kwana uku a mako, yana neman jama'a su zaɓa tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago. Masu zaɓe da yawa sun auna shi da tsadar rayuwa, ya samu kujeru 297, jam'iyyar Labour ta samu 301. Theresa May ma, duk da tazarar da take da ita a ƙuri'un jin ra'ayi a Afrilun 2017, ta rasa ɗan rinjayen da ta gada bayan muhawara ta koma kan kuɗin kula da tsofaffi. Wannan ya yi daidai da hujjar Smith cewa masu zaɓe kan yi wa gaggawar gwamnati kallon tuhuma.

Misalan da aka duba kaɗan ne, kuma an zaɓe su ne saboda fitowarsu fili, don haka sakamakon yana nuna alƙibla ne, bai kai matsayin ƙa'ida ba.

6.0 Kammalawa

Gwamnati mai rauni kan kira zaɓen wuri idan ta auna ta ga cewa abin da za ta rasa ta hanyar jira ya fi abin da za ta rasa a akwatin zaɓe. Dalilin na iya zama tsoron gobe, ko cijewar majalisa, ko boren jam'iyya, ko rashin shirin 'yan adawa, kuma galibi biyu ko uku ne ke haɗuwa. Matakin kan yi nasara idan akwai batu ɗaya da jama'a suka fahimta da kuma adawar da kanta ya rabu. Inda babu waɗannan sharuɗɗa biyu, abin da zaɓen wuri ya fi haifarwa shi ne gaggauta faɗuwar gwamnatin da ta kira shi.