Asalin Kundin Tarihin Kano da Hannuwan da Ya Bi

Masu binciken tsofaffin littattafai su kan yi wa kowane kundi tambaya uku: wa ya rubuta shi, yaushe, a hannun wa ya zauna? Wani kundin kan ba da amsa da kansa. Alƙur'ani ko Dala'ilu mai zayyana irin na malaman Kano, sau da yawa a kan sami sunan wanda ya juya shi a ƙarshe, wani lokaci har da sunan mai shi. Wani kuwa labaran waje ke ba da shaidarsa, kamar Linjilar Kells ta ƙasar Ailan, mai ado ƙwarai, wadda sufaye Kirista suka rubuta wajen shekarar 800. Tarihin ƙasar ya ambaci satar da aka yi mata a 1007, an kuma san zuwanta Kwalejin Trinity ta Dublin cikin ƙarni na 17. Kundin Tarihin Kano bai sami ko ɗaya daga cikin gatan nan biyu ba. Ba shi da sunan mawallafi, ba shi da kwanan wata.

Da Larabci aka rubuta shi. Ya jero sarakuna 48, tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello ɗan Ibrahim Dabo, wanda ya rasu a 1893. Daga nan basasa ta ɓarke, sa'an nan Turawa suka ci Kano a 1903. Kwafin da H. R. Palmer ya yi aiki da shi ba a cikin ganuwar Kano ya same shi ba, a Sabon Gari ne kusa da Katsina. Ya buga fassararsa ta Ingilishi a 1908, ya sake bugawa a 1928. A 1933 kuma aka fitar da shi da Hausa a Zariya, cikin littafi na biyu na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, a ƙarƙashin kulawar R. M. East. Watau abin da ɗalibi ke karantawa ya ratsa hannun mai juyawa, da na mai fassara, da na mai shirya bugu.

A kan asalinsa masana sun saɓa. Murray Last, a 1980, ya ga cewa tushen kundin ya koma tsakiyar ƙarni na 17, daga baya aka yi ta ƙari. John Hunwick kuwa, a 1994, ya kafa hujja da cewa salon Larabcin iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, don haka aikin mutum guda ne a zamanin Bello, ya kuma karkata ga Ɗan Rimi Barka, babban bawan sarki. Mai nazarin harshe zai lura da nauyin hujjan nan, gama Larabcin na Bahaushe ne, kirarin sarakuna kuma da Hausa ya zo. Amma fa daidaituwar salo ba ta hana a ce marubucin ya tarar da tsofaffin takardu da bakin maroƙan fada, ya zuba su cikin nasa alƙalami.

Ga inda maganar ta shafi malaman makaranta. Kundin tsawon mulkin kowane sarki ya ke faɗi, bai ba da shekarar hawa ba. Shekarar 999 da a ke koya wa yara cewa a cikinta Bagauda ya hau, lissafin Palmer ne, wanda ya yi ta ƙirga mulki baya baya daga ƙarni na 19. In mai juyawa ya yi tuntuɓe a adadi ɗaya, duk abin da ya gabace shi ya goce. Ya kamata a riƙa koyar da ita a matsayin ƙiyasi, a kuma nuna wa ɗalibi hanyar da aka bi aka samo ta.