Ɗumame: yadda za ki adana sauran tuwo

Uwargida, a Korgom da sauran ƙauyukan Tasawa, da gumi ake samun hatsi, shi ya sa ba a zubar da sauran tuwo. Amma da bazara zafi yakan wuce digiri 40, ƙwayoyin cuta kuma suna saurin yaɗuwa cikin dafaffen abinci. Su ne ke sa yara zawo da amai.

Ga abin da za ki kiyaye:

1. Tun kafin a ci, ki ware tuwon da zai kwana. Wanda aka sa wa hannu ya fi saurin lalacewa.
2. Ki ajiye tuwo daban, miya daban, kowanne a rufe, a wuri mai sanyi kamar gindin randa.
3. Da safe ki yanyanka tuwon, ki dafa shi cikin tafasasshen ruwa har zafi ya ratsa cikinsa. Miya ma sai ta tafasa.
4. Sau ɗaya ake ɗumame. Kada ya sake kwana.
5. Ƙaramin yaro, sabon abinci za ki ba shi.

In tuwo ya yi yauƙi ko wari, ki zubar. Asarar tuwo ta fi jinyar yaro sauƙi.