KAFIN MU CE GWAMNATI TA YANKE FARASHI, MU TUNA ZAMANIN AUDUGA

Tunda hatsi ya karye alhali taki bai sauko ba, kullum sai na ga ana rubuta cewa gwamnati ta fito ta yanke farashin amfanin gona. Ni ɗan albashi ne, arahar masara daɗi take min. Amma ƙanena manomi ne a Kudan, na san abin da ya kashe, na san abin da ya kwasa. Shi ya sa nake so mu ɗan waiwaya baya.

Ai an taɓa yin wannan tsarin a ƙasar Zazzau. A 1949 Turawa suka kafa hukumomin sayen auduga da gyaɗa, a 1954 aka haɗe su ƙarƙashin hukumar Jihar Arewa. Ita ke yanke farashi kafin kaka, ejan-ejan ɗinta masu lasisi su saya. Masu sayarwa dubbai, mai saye ɗaya tilo. Marigayi babana yakan ce daɗin abin shi ne tun kana ɗiban auduga ka san nawa za ka samu. Ɗacinsa kuwa, in malamin awo ya ce taka lamba biyu ce, to lamba biyu ce, babu inda za ka kai ta. Kuma yawanci kuɗin da ake ba manomi bai kai na kasuwar duniya ba, rarar tana hannun hukuma.

A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin a ƙarƙashin SAP, aka ce kasuwa ta yi halinta. To ta yi ɗin. Je ka kasuwar rake ta Makarfi, ko wajen 'yan tumatir a Ikara da Hunkuyi: manoma rututu, masu ɗora wa mota zuwa Legas 'yan ƙalilan, dillali a tsakiya. Tumatir ba ya jiran gobe. Wanda kayansa ke ruɓewa a kwando ba shi da bakin ciniki.

An gina kamfanin tumatir na Ikara tun farkon shekarun 1980 don maganin wannan matsala, amma ya yi shekaru a rufe. Mai yin mazarƙwaila kuwa, da yake kayansa na ajiyuwa, yana iya cewa "albarka" ya koma gida da abinsa.

Nan ne darasin yake a ganina. A tsarin hukuma da na sakakkiyar kasuwa duk abu ɗaya ya kayar da manomi: ba ya iya jira, kuma ba shi da mai saye na biyu. Saboda haka in za mu roƙi gwamnati, mu roƙi rumbun ajiya, injinan sarrafawa da hanya mai kyau, mu kuma mu haɗa kai a ƙungiya mu riƙa sayarwa da baki ɗaya.

Dattawan da suka ga zamanin auduga, don Allah ku gyara min inda na kuskure. Allah Ya ba mu damina mai albarka.