Holy Trinity: Cocin da Ke Maƙwabtaka da Zango

Duk wanda ya taso a Zongo Lane a birnin Ankara ya san hanyar: ka ratsa hayaniyar kasuwar Makola, ka gangara wajen teku, sai ga ka a High Street. Nan cocin Holy Trinity na ɗarikar Angalika yake tsaye da hasumiyarsa mai kusurwa huɗu, kaurin bangonsa kamar na ganuwa. Mun sha wuce shi da kaya a ka, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambayar yadda aka yi ya zo nan.

Ɗarikar ta riga ginin daɗewa a ƙasarmu. Tun 1752 ɗan mishan Thomas Thompson ya sauka a Cape Coast, kuma ɗan garin, Philip Quaque, ya zama limamin coci a 1765, baƙin mutum na farko da ɗarikar ta naɗa. Sai dai Ankara ba ta shiga lissafi sosai ba sai da Turawan Ingila suka kawo hedikwatar mulki cikinta a 1877. Ma'aikatansu suka yawaita, suna neman wurin ibada.

Gwamnatin mulkin mallaka ce ta zuba kuɗin. Zanen kuwa na Aston Webb ne, wanda daga baya ya sabunta fuskar fadar Buckingham a Landan. Aka kammala ginin a 1894, lokacin da kakanninmu fatake da malamai ke kafa gidajensu a Zango, tafiyar 'yan mintuna daga wurin. Da farko Turawa ne suka cika kujerunsa. A 1909 aka ba Ankara bishop nata, Nathaniel Hamlyn, cocin ya zama mazauninsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gidan ya sauya hannu a hankali. A 1962 gwamnatin Shugaba Nkrumah ta kori Bishop Richard Roseveare saboda ya soki ƙungiyar matasa ta Young Pioneers, ko da yake an bar shi ya dawo. A 1968 kujerar bishop ta koma hannun ɗan ƙasa, Ishmael LeMaire.

Ni Musulmi ne, amma ina ganin ginin nan maƙwabcinmu ne na fiye da shekara 130, kuma maƙwabci yana da hakki. Ɗan'uwa, ran da ka bi ta High Street da yaranka, tsaya ka nuna musu shi.